Waiwaye: yadda inbata ta tashi daga ramin kunna sigari ta koma kan batirin mota

Duk wanda ya taɓa soka ƙaramar inbata, na'urar dake juya wutar batir zuwa irin ta gida, a soket ɗin gaban mota yasan iyakarta, zata caja waya, zata ɗauki laftof, amma da ka jona wani abu mai ɗan nauyi sai kaji ƙit, fis ya tafi, ko kan filogin yayi zafi har ya fara warin roba. Daga nan masu wayarin ke cewa sai dai a ja ta kan batir kai tsaye. Gaskiyarsu ne, amma dalilin ya samo asali tun da daɗewa.

Shi wannan soket ɗin tun farko ba dan a jona kaya aka yi shi ba. Tun shekarun 1920 motocin Amurka suka fara zuwa da abin kunna sigari, daga baya ya koma irin wanda muka sani, ka danna shi ciki, wayar dake bakinsa tayi ja, ya fallo da kansa. Aikin 'yan daƙiƙu ne. Shi yasa wayar da aka ja masa siririya ce, fis ɗinsa kuma a yawancin motoci amfiya 10 ne ko 15, in ka buga da bolt 12 zaka samu wat 120 zuwa 180, iyakar ƙarfinsa kenan har yau, duk da cewa motoci da yawa sun daina zuwa da abin kunna sigarin sun bar ramin kawai. Ga shi kuma filogin baya kama jiki sosai, ɗan sifirin ne ke riƙe da shi, mota na shiga gargada yana motsi, inda haɗi yayi sako-sako kuwa nan zafi ke taruwa.

Batirin ma haka. Wani Bafaranshe Gaston Planté ne ya ƙirƙiro batirin darma da asid a 1859, amma bai zama dole a mota ba sai da Charles Kettering ya sa wa Cadillac kik na lantarki a 1912, aka huta da juya inji da hannu. Tun daga lokacin aikin batirin mota guda ɗaya ne, ya bada wuta mai yawa, amfiya ɗaruruwa, na daƙiƙa biyu ko uku, inji ya tashi, caji ya mayar masa da abinda ya fitar. Da bolt 6 ake yi, sai a shekarun 1950 kamfanonin Amurka suka koma 12, Volkswagen Beetle kam bata koma ba sai 1967. A 1960 Chrysler ya fara saka altaneta a Valiant maimakon tsohon dinamo, kuma wannan ba ƙaramin canji bane ga maganarmu, dan dinamo kusan baya caji in mota na silo, altaneta kuwa tana yi ko da ba da cikakken ƙarfinta ba.

Ita kuma dabarar juya wutar batir zuwa wata iri, rediyo ce ta fara shigo da ita mota. Rediyon Motorola ta fito a 1930, kuma rediyoyin wancan zamani masu kwalba ne a ciki, suna son wuta mai ƙarfin bolt fiye da ɗari, batir kuma 6 yake bayarwa. Sai aka ƙera wata 'yar na'ura mai ƙarfe a ciki yana karkarwa, yana yanke wuta yana haɗawa da sauri sosai, taransifoma ta ɗaga ta sama, har ƙugin ta ake ji idan an kunna. Kakar inbata kenan a mota. Da taransisto ya zo aka daina buƙatar abin da ke motsi, daga baya aka samu masu ɗaukar wuta da yawa, inbata ta ƙanƙance tayi arha, masana'antun Sin suka cika kasuwa da ita, har ta kai yau zaka ga 'yar akwati da bata kai bulo ba an rubuta wat 2000 ko 3000 a jiki (wannan rubutun dai a riƙa karanta shi da hankali, sau da yawa ƙarfin da take kaiwa na ɗan lokaci ne suke rubutawa, wanda zata riƙe a kai a kai rabi ne ko ƙasa).

Toh a nan lissafi ya ɓaci wa soket. Kayan wat 1000 a wutar gida ta bolt 230 amfiya huɗu da ɗoriya kawai suke ja, amma a ɓangaren batir mai bolt 12 sun haura amfiya 83, in ka ƙara asarar da inbatar kanta ke yi ana maganar 90 zuwa 100, wato kusan ninki goma na abinda soket zai iya. Kuma zafin waya ba ɗaya bayan ɗaya yake hawa ba, in wuta ta ninka biyu zafi huɗu yake ninkawa. Shi yasa ake neman waya mai kauri irin ta kik ko ta masu walda, wajen sukwaya milimita 25 zuwa 35, ta jan ƙarfe zalla ba alminiyam da aka yi wa fenti da jan ƙarfe ba, kuma gajeriya, a matso da inbatar kusa, in ana son nisa a ja shi ta ɓangaren 230. Masu tirela sun fi morewa tunda nasu bolt 24 ne, rabin amfiyar suke ja, amma fa inbatar 12 bata hawa kan 24, nan take zata iya ƙonewa.

Abinda mutane da yawa basa lura da shi shine kusan duk wata waya da kamfani ya ja a mota ta bi ta akwatin fis, kai kuma da ka ɗauko daga kan batir ka tsallake wannan tsaron gaba ɗaya. Fis ɗin cikin inbata kanta yake karewa, ba ruwansa da wayar da ta taso daga bonet ta ratsa ƙarfen dake tsakanin inji da ɗaki. Jikin mota duka at ne, wato haɗe yake da baƙin kan batir, ranar da girgiza ta cinye robar jar wayar ta taɓa bodi, batir zai zuba duk abinda ke cikinsa ta nan, wayar tayi ja, kuma ba makullin da zaka kashe ya tsaya. Dan haka fis babba a kan jar waya daf da batir, ƙa'idar masu jiragen ruwa a Amurka cewa tayi kar ya wuce inci 7 daga kan batir, masu haɗa sauti a mota sukan ce inci 18, duk dai magana ɗaya ce. A ganina mai wayarin da ya haɗa maka babu wannan fis ɗin, ko ya naɗa silin waya a madadinsa, bai gama aiki ba ko da komi na kawowa. Ramin da wayar ta bi shima a sa masa roba. Sannan sababbin motoci da yawa suna da sensa a kan baƙin kan batir dake lissafin wutar da ke shiga da fita, irinsu a bodi ake ɗaure baƙar waya dan kar a tsallake sensar.

A wajenmu maganar ta ƙara zafi ne saboda rashin wuta, musamman bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 da kunna janareta ya zama sai an yi shawara, sai wasu suka fara kallon motar dake tsakar gida a matsayin janareta. Matsalar itace batir mai amfiya-awa 60 a takarda wat 720 ne na awa ɗaya, kuma ba'a yi shi dan a tatse shi ba, farantansa sirara ne, 'yan lokuta kaɗan in ya sauka ƙasa ya mutu kenan. Inbata kuma sai wajen bolt 10.5 take ihu ta kashe kanta, a lokacin kik ya riga ya daina juyawa, in otomatik ce ko turi babu. In ka bar inji a kunne, altanetar ƙaramar mota a silo bata kai amfiya 100 ba, ga fetur na ƙonewa, ga hayaƙin salansa da ke kisa in a rufaffen gareji ne. Masu yin abin da gaske batir na biyu suke sawa, irin wanda ke jure tatsa, da rile mai raba shi da na tada mota.

Kamfanonin ma sun gane inda aka dosa. Ford ya fito da F-150 ta 2021 da inbata a jiki, wata har kilowat 7.2, a sanyin Fabrairun 2021 da wuta ta ɗauke a Texas wasu da ita suka kunna firji da hita, Hyundai Ioniq 5 kuma tana bada kilowat 3.6 daga babban batirinta. Mu dai abinda ya fi iso mana shine tokumbo 'yar Amurka mai ɗan soket irin na gida a bayan kujera, wanda bolt 110 zuwa 120 yake bayarwa kuma yawanci wat 100 ne ko 150, cajar waya da ta laftof zasu karɓa tunda an yi su daga 100 zuwa 240, fanka ko firjin da aka saya a Kano kuwa 230 suke nema.