Waiwaye: yadda kuɗin makarantar Katolika ya fi ƙarfin talaka a Amurka

Tun da aka sa hannu a dokar haraji ta watan Yulin 2025 a Amurka ake ta kai ruwa rana kan wani sashe nata, wanda ya ce daga 2027 duk wanda ya ba ƙungiyar tallafin karatu gudummawa za a rage masa har dala 1,700 daga harajinsa, a jihohin da suka yarda su shiga tsarin. Wasu na cewa kuɗin gwamnati ne ake zagayawa da shi zuwa makarantun addini, wasu kuma su ce ai ɗan talaka ma yana da haƙƙin zaɓar makaranta. Kai ka ce jiya aka fara rigimar.

Farkon labarin sananne ne. Baƙin Katolika daga Ireland da Jamus da Italiya sun tarar ana karanta Baibul ɗin Furotesta a makarantun gwamnati, shi ya sa a 1884 bishop-bishop suka taru a Baltimore suka ce kowace coci ta gina makarantarta. Jihohi sama da 30 sun hana ba makarantun addini kuɗin gwamnati, a 1925 kuma Kotun Ƙoli ta ce ba a isa a tilasta wa yaro makarantar gwamnati ba.

To tunda gwamnati ba ta ba da ko sisi ba, da me lebura mai 'ya'ya shida yake biya? Nan ne wurin da ba a cika tsayawa ba. Sistoci ne suke riƙe da azuzuwan, matan da suka yi alkawarin zaman talauci, ba aure ba iyali, suna kwana a gida ɗaya kusa da coci, abin da ake ba su ɗan alawus ne da bai kama ƙafar albashin malamin gwamnati ba, kuma sista guda sai ta riƙe yara hamsin ko fiye. Ragowar ɗawainiya baikon ranar Lahadi, wato sadakar da masu ibada ke bayarwa a coci, ke ɗauka. Haka aka kai ɗalibai sama da miliyan 5 a makarantu kusan 13,000 a shekarun 1960. Ni a ganina tallafin karatu mafi girma da aka taɓa yi a makarantun nan shi ne gumin matan nan, kawai ba a rubuta shi a takarda ba ne.

A 1965 sistoci sun kai kusan 180,000, shekarar da aka rufe babban taron shugabannin cocin Katolika na duniya, wato taron Vatican na biyu, daga nan abubuwa suka juya, wasu suka ajiye rigar, wasu suka koma asibitoci da hidimar marasa galihu, 'yan mata kuma suka samu ƙofofin jami'a da aikin ofis suka rage shiga. Yau ba su kai 40,000 ba, yawanci tsofaffi ne. Wanda ya maye gurbinsu malami ne mai iyali da kuɗin haya, dole a ba shi albashi da fansho da inshorar lafiya, ga masu hali sun tashi daga tsakiyar birni sun koma bayan gari da baikonsu. Lissafin gaba ɗaya sai ya dawo kan iyaye. Ɗalibai yanzu wajen miliyan 1.7 ne.

Wannan ramin ne asusun tallafi suka zo cikewa, na New York a 1971, Big Shoulders a Chicago a 1986. A kan duba abin da gida ke samu a shekara, a biya wani kaso kai tsaye ga makaranta, iyaye su ƙarasa, kuma da yawa daga cikin yaran ma ba Katolika ba ne. A 1999 wata ƙungiyar tallafin karatu mai suna Children's Scholarship Fund ta buɗe gurbi 40,000, masu nema suka kai miliyan 1.25. Makarantun Katolika na Cristo Rey kuwa tun 1996 ɗalibansu ke zuwa aikin ofis kwana biyar a wata, ladan ya tafi kuɗin makaranta.

Rangwamen haraji ga masu ba da irin wannan gudummawa ya soma a jihar Arizona a 1997, Kotun Ƙoli kuma ta buɗe hanyar tallafin gwamnati ya kai ga makarantun addini a 2002 da 2020. Sai dai abin da doka ta bayar doka na iya janyewa, rangwamen jihar Illinois ya ƙare a ƙarshen 2023 yana ɗauke da yara sama da 9,000, ba a jima ba wasu makarantun Katolika a yankin Chicago suka sanar za su rufe.