Waiwaye: Yadda Koyar da Addinin Hindu Ya Zama Abin Jayayya a Jami'o'i

Wa ya cancanci koyar da addinin Hindu a jami'a, mabiyinsa ko manazarcin da ba ya binsa? Muhawarar ta fi zafi a Amurka da Indiya, kuma da yawa na ɗauka ta faro ne daga rigimar yadda littattafan makarantun jihar Kalifoniya ta Amurka ke bayanin addinin a 2005, ko daga 2014 da aka janye wani littafin tarihin addinin daga kasuwannin Indiya bayan an kai ƙara kotu. Alhali tun kafin nan wutar ke ci ƙasa-ƙasa.

Farkon labarin sananne ne. A 1784 William Jones ya kafa ƙungiyar nazarin Asiya a Kalkata, bayan shekara guda Charles Wilkins ya fassara Bhagavad Gita, ɗaya daga manyan littattafan addinin Hindu, zuwa Turanci. Jami'ar Oxford ta samu farfesanta na farko na Sanskrit, tsohon harshen littattafan Hindu, a 1832, Max Müller kuma ya yi ta wallafa Rig Veda, tarin tsofaffin waƙoƙin addinin Hindu, daga 1849 zuwa 1874. Fannin ya tashi ne a kan tsofaffin littattafai, don haka waƙoƙin ibada na harsunan Tamil da Hindi, bukukuwan karkara da ibadar cikin gida suka daɗe a gefe.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba ya faru ne a Amurka. A 1963 kotun ƙolin ƙasar ta hana karatun Baibul na ibada a makarantun gwamnati, amma ta nuna cewa nazarin addini a matsayin ilimi bai saɓa wa tsarin mulki ba. Sassan nazarin addinai suka yawaita a jami'o'i, aka tsara darasin Hindu don ɗalibin da bai taɓa shiga wurin bautar Hindu ba. A lokacin hakan ya dace da ajin, domin dokar shige da fice ta 1946 ta ware wa Indiya gurbin mutum 100 kacal da za su shiga Amurka a shekara.

Sai dokar shige da fice ta 1965 ta soke wannan rabo na ƙasa-ƙasa. Likitoci da injiniyoyi suka kwararo daga Indiya, daga baya iyalansu suka biyo su. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 an gina manyan wuraren bauta a Pittsburgh da New York. 'Ya'yan waɗannan baƙi suka isa jami'a wajajen 1990, suka zauna a ajin da ba domin su aka tsara ba. Yarinyar da ta tashi tana ganin kakarta na kunna fitila gaban abin bautarsu Ganesha kowace safiya sai ta ji ana fassara shi da ma'aunin ilimin halayyar ɗan Adam, ko ta tarar rabin zangon karatu ya tafi kan tsarin raba mutane aji-aji bisa haihuwa. Malami na ganin aikinsa yake yi, tunda jami'a ba wurin wa'azi ba ce, kuma ba zai yiwu a tsallake ƙorafin 'yan Dalit, waɗanda wannan tsari ya ajiye a can ƙasa, ba. Ɗaliba kuwa na ganin ana bayanin gidansu ba tare da an tambayi 'yan gidan ba. A ganina nan ne tushen rigimar yake: masu sauraro sun canja cikin shekara talatin, manhaja kuwa tana tafiyar hawainiya.

Indiya ba ta cike giɓin da wuri ba. Sashe na 28 na tsarin mulkinta ya hana koyar da addini a makarantun da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu gaba ɗaya, ga kuma raunin rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 da ya sa batun addini ya zama abin kaffa-kaffa. Nazarin Hindu ya watsu a sassan Sanskrit, falsafa da tarihi. Jami'ar Hindu ta Banaras, wadda aka kafa tun 1916, sai bayan shekara ɗari da 'yan kai ta buɗe digiri na biyu mai ɗauke da sunan nazarin Hindu.