Me ake nufi idan an ce rumbun wasannin chess ya lalace?

Mutum yana tsakar adana wasa a kwamfuta aka ɗauke wuta. Da ta dawo, manhaja ta ƙi buɗe rumbun da ya shekara yana tarawa, ta ce ya lalace. Kalmar tana tsinka zuciya, amma galibi wasannin suna nan. Fayilolin da ke riƙe da su ne suka daina jituwa.

Abin da ido ke gani rumbu ɗaya, a ciki fayiloli ne da yawa. A manhajar Scid uku ne: .sg4 na ɗauke da motsin wasannin, .sn4 na ɗauke da sunayen 'yan wasa da gasa, .si4 kuma jadawali ne mai nuna inda kowane wasa yake. Manhajar ChessBase ma haka take, da su .cbh da .cbg da .cbp. Duk wasan da aka ƙara sai an rubuta shi a waɗannan wurare bi da bi, kwamfuta kuma takan riƙe rubutu a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi kafin ta sauke shi kan faifai. Idan wuta ta yanke a wannan tsakanin, sai jadawali ya nuna wasan da bai kai ga faifai ba, ko ya kira sunan da babu shi. Lalacewar ke nan.

Kafin a taɓa komai, a kwafi fayilolin duka zuwa wani wuri, a yi gyara a kan kwafin. Gaggawar sake adanawa a kan na asali ita ke ƙarasa ɓarnar. ChessBase tana da hanyar duba lafiyar rumbu. Idan rumbun ya buɗe ko da rabi ne, a fitar da abin da ya tsira zuwa PGN, wani tsarin rubuta wasannin chess a fayil, a gina sabo da shi.

PGN, tsarin da Steven Edwards ya fitar da ƙa'idojinsa a 1994, rubutu ne zalla da kowa zai iya buɗewa ya karanta. Ba shi da saurin bincike, shi ya sa ake raina shi, amma idan ya yanke a tsakiya, wasan da ya gutsure kawai za a goge, sauran su tsira.

Wasannin manyan gwanaye dai ana sake samunsu a intanet. Sharhin da mutum ya rubuta da hannunsa a kan nasa wasannin, shi ne ba ya dawowa sai in akwai kwafin ajiya da aka yi kafin wutar ta tafi.