Kiawah, tsibirin masu kuɗi inda kada ke shan hantsi a bayan gida: tambayoyi da amsoshi

Wai ina ne Kiawah ɗin nan da ake ta nuna gidajensa a bakin teku?

Tsibiri ne a jihar Karolina ta Kudu a Amurka, kamar kilomita 40 daga birnin Charleston. Siriri ne dogo, ya kwanta a gefen tekun Atlantika, gabansa rairayin bakin teku mai tsawon kilomita 16, bayansa kuma kogi da fadama mai ruwan gishiri wadda ke cika ta janye sau biyu kullum. Sunan ma na mutanen asalin wurin ne, ƙabilar Kiawah, waɗanda Turawan Ingila suka tarar a 1670. A ƙidayar 2020 mazaunan dindindin ba su fi dubu biyu da 'yan kai ba, amma gidajen sun ninka haka, don yawancin masu su ba a nan suke zaune ba, gidan hutu ne, a zo a yi wata ɗaya ko biyu a kulle a tafi ko a ba 'yan haya na mako-mako.

To gandun daji ne ko unguwar masu kuɗi? Ai abu biyun ba sa haɗuwa.

Nan ne fa maganar take. Ba gandun daji ba ne irin Yankari da gwamnati ta killace ta ce kar a gina komai. Estet ne mai get da masu gadi, sai dai an tsara shi ta yadda za a bar daji da fadama da tafkuna a tsakanin gidaje, kuma dajin nan shi ne ainihin hajar da ake sayarwa. Wanda ya zuba miliyoyin daloli ya sayi gida a Kiawah ba bulo da katako kaɗai ya saya ba, ya sayi barewar da za ta gifta ta gaban barandarsa da asuba, ya sayi shirun wurin, ya sayi tabbacin cewa maƙwabci ba zai wayi gari ya sare itatuwa ya kafa bene mai hawa goma ya tare masa teku ba. Saboda haka kiyaye muhallin da suke yi da gaske ne, ba ƙarya ba ne, amma ni a ganina kar ka ɗauka don Allah da Annabi ake yi, duk bishiyar da aka bari tana ƙara wa fili daraja.

Wa ya fara wannan tsarin?

Abin mamaki, Larabawa ne. Kafin nan tsibirin gonar iyalan Vanderhorst ce na kusan shekara ɗari biyu, bayi baƙaƙen fata suna noma musu baba da auduga. A farkon shekarun 1950 wani ɗan kasuwar katako C.C. Royal ya saye shi kan dala 125,000, tsibiri guda fa. Sai a 1974, daidai lokacin da kuɗin mai ya yi wa ƙasashen Larabawa yawa bayan tashin farashin 1973, kamfanin zuba jari na Kuwait ya saye shi daga magadansa kan sama da dala miliyan 17. Su ne suka ɗauko kamfanin Sea Pines na Charles Fraser, mutumin da ya fara irin wannan tsari a tsibirin Hilton Head, aka sa masana suka bi tsibirin suka lissafa tsirrai da dabbobin da ke ciki kafin a ja layin titi ko ɗaya, aka buɗe wurin hutun a 1976. A 1988 'yan Kuwait suka sayar kan dala miliyan 105, a shekarar ne kuma Kiawah ya zama gari mai magajin gari da kansiloli nasa.

Me ke ciki na jin daɗi da har ake wannan rububi?

Golf ne kan gaba, kai kusan don shi aka san wurin. Wurin hutun yana da filayen golf biyar, mafi shahara shi ne Ocean Course wanda Pete Dye ya zana, kuma matarsa Alice ce ta ba da shawarar a ɗaga filin sama yadda mai wasa zai riƙa hango teku, abin da ya jawo iska ke kaɗa ƙwallo yadda ta ga dama. A nan aka yi gasar Ryder Cup ta 1991, aka yi PGA ta 2012 da Rory McIlroy ya ci, da ta 2021 da Phil Mickelson ya ɗauka yana ɗan shekara 50. Bayan waɗannan akwai wasu filaye biyu na kulob ɗin masu gida zalla, wanda ba a shiga sai da rajista mai tsada.

Sai otal ɗin The Sanctuary da aka buɗe a 2004, ɗaki 255, da wurin tausa da gyaran jiki da gidajen abinci. Akwai filayen tanis, wuraren ninkaya, kwale-kwale na shiga fadama, da hanyoyin keke da suka ratsa ko'ina, rairayin bakin tekun ma da ƙarfi yake idan ruwa ya janye har keke ake tuƙawa a kai. Kasuwa kuwa sai ka fito wajen get, wani wuri da ake kira Freshfields Village.

Idan na sayi filina da kuɗina, ba zan gina abin da nake so ba?

Ina! Akwai kwamitin duba zanen gini, shi zai ga zanenka, ya ga tsawon gidan, ya ga kalar fenti, ya ga bishiyar da kake son cirewa. Fenti mai ƙyalli irin namu na “a san na yi kuɗi” ba ya wucewa, so ake gida ya saje da daji, launin toka, ruwan ƙasa, kore mai duhu. Manyan itatuwa ba a taɓa su sai da izini. Gidajen bakin teku kuma an ja su baya can bayan tulin rairayi, kuma ba a taka tulin, gadar katako ake bi ta samansa a sauka bakin ruwa, don ciyawar da ke kansa ita ke riƙe rairayin, shi kuma rairayin shi ke tare ruwa ranar da teku ya fusata. Ga kuɗin ƙungiyar masu gida da ake biya duk shekara na titi da gadi da magudanan ruwa, ko kana nan ko ba ka nan.

An ce har wutar lantarki ake hana kunnawa da dare?

Eh, ta ɓangaren da ke kallon teku, daga watan Mayu zuwa Oktoba. Dalili kunkurun teku ne, manya masu ƙaton kai, uwar takan fito da dare ta haƙa rami a rairayi ta zuba ƙwai sama da ɗari ta rufe ta koma ruwa, bayan kamar wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe su fito su ma da dare, kuma abin da ke nuna musu hanya shi ne hasken da ke kan ruwa, to idan fitilar gidan wani Alhaji ta fi shi haske sai su juya su nufi gidan, gari ya waye rana ta busar da su ko tsuntsaye da ƙaguwa su cinye. Shi ya sa doka ce ta gari, a kashe ko a rufe labule. Akwai 'yan sa kai, yawancinsu tsofaffin da suka yi ritaya, da ke fita tun da sassafe suna bin sawun kunkuru suna kafa alama a kan kowace sheƙa. Wannan kam na yaba musu.

Kadojin fa? Ba sa cin mutane?

Suna nan a kusan kowane tafki, har a filin golf za ka ga ƙato ya baje yana shan rana. Yawanci ba ruwansu da kowa. Doka ta hana ba su abinci, don kadan da ya saba karɓa daga hannun mutum shi ne ke daina tsoro, kuma ana cewa a ba su tazarar kamar mita 18. Amma a watan Mayun 2020 kada ya kashe wata mata a tsibirin bayan ta matsa kusa da shi a bakin tafki. Mai ƙaramin yaro ko kare dai ba ya sakaci a bakin ruwa.

To in haka ne ai dabbobin sun ji daɗi, ina matsalar?

Bari in ba ka labarin kyanwar daji, wadda suke kira bobkat, mai guntun wutsiya, ta ɗara muzurun gida girma sosai. Kiawah ya yi suna da su, masana na garin sun daɗe suna saka musu abin wuya mai na'urar bin sawu, kuma su ne ke cin ɓeraye da 'ya'yan barewa, wato su ke daidaita lissafi. Can wajen 2019 zuwa 2020 sai aka ga suna ta mutuwa, daga kamar talatin suka koma wajen goma. Da aka duba gawarwakin sai ga gubar ɓera a hantarsu, irin mai ƙarfin nan da ke hana jini daskarewa. Masu gida ne ke ɗaukar kamfanonin feshi suna ajiye akwatin guba a gindin gida, ɓera ya ci bai mutu nan take ba, ya fita yana tangaɗi, kyanwa ta kama shi, ta ci goma ta ci ashirin, gubar ta taru ta kashe ta. Ka ga mutumin da ya biya miliyoyi don ya zauna cikin daji shi ne ba ya son ganin ɓeran dajin a garejinsa. Garin ya so ya haramta gubar amma ikon hakan na hukumar jiha ne, sai aka koma roƙon masu gida da kamfanoni su yi alkawarin dainawa, da yawa kuma sun yi, kyanwowin suka fara farfaɗowa. A tsakanin nan barewa ta yi yawa tana cinye furannin mutane tana shiga gaban mota, har sai da garin ya fara ɗauko maharba suna rage ta.

Ga kuma rigimar Captain Sam's Spit, wani siririn harshen rairayi a ƙarshen tsibirin ta yamma inda kogin Kiawah ke shiga teku. A nan ne dolfin, dabbar tekun nan mai kama da ƙaton kifi, ke wani irin farauta da ba a cika gani ba a duniya, su haɗu su koro ƙananan kifaye da igiyar ruwa har kan gaɓa, su biyo su su faɗo kan taɓo da gefen damansu su ci su sulale su koma. Masu filin suka ce za su gina gida 50 a wurin, da katangar tare zaizaya a wuyan harshen don titi ya samu wucewa. Ƙungiyar kare muhalli ta Coastal Conservation League ta kai ƙara, aka shafe sama da shekara goma ana shari'a, kotun ƙolin jihar ta soke izinin katangar a 2014, ta sake yin hukunci a kan masu filin a 2021. Wurin da teku ya sha yankewa a tarihi fa aka so kafa wa gidaje.

Ruwa ba ya cin gidajen?

Kiawah ya yi sa'a ɗaya, yawancin bakin tekunsa ƙaruwa yake da rairayi maimakon zaizayewa. Amma tsibirin a ƙasa yake sosai, kuma ruwan tekun yankin Charleston ya hau kusan ƙafa guda cikin shekara ɗari. Shi ya sa za ka ga gidajen a ɗage kan ginshiƙai, ƙasan gareji ne kawai, zama a sama ake yi. Lokacin guguwa daga Yuni ne zuwa Nuwamba, Hugo ta 1989 ta fi yin ɓarna a arewacin Charleston, Matthew ta 2016 da Irma ta 2017 kuma sun cika titunan tsibirin da ruwa. Hanyar fita ɗaya ce tak, ta tsibirin Johns, in gwamna ya ce a kwashe kowa ita za a bi. Inshorar iska daban, ta ambaliya daban, kuma ba sauka suke ba.

Su waye ke yi musu aiki, kuma ina jikokin bayin da suka noma wurin?

Masu shara da masu yankan ciyawa da masu dafa abinci ba sa iya zama a ciki, kullum da asuba suke shigowa daga Johns da Charleston da ma nesa da haka, hanya ta cushe. A tsibiran da ke kewaye ne Gullah suke, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma, da yawa saboda sun iya noman shinkafa, har yau da harshensu da saƙar kwandonsu da girkinsu. Bayan 'yanta bayi kakanninsu sun sayi filaye, amma da yawa sun mutu ba wasiyya a rubuce, sai fili ya zama na magada duka ba a raba ba, irin gonar gadon da kowa a cikinmu ya san rigimarta, jikoki hamsin kowa da haƙƙi ba wanda ke da takarda shi kaɗai. Dillali sai ya nemo wani jika can a New York da bai taɓa taka gonar ba ya sayi kasonsa, daga nan ya je kotu ya ce a sayar da duka a raba kuɗi, a yi gwanjo, ya saye da araha. Wanda ya tsira daga wannan kuma harajin fili ya hau kansa, tunda maƙwabtansa yanzu masu golf ne. A 2016 jihar ta yi dokar da ke ba sauran magada damar fara sayen kason kafin a kai ga gwanjo, aka sa mata sunan Sanata Clementa Pinckney da aka kashe a cocin Charleston a 2015, amma filaye da yawa sun riga sun tafi. Tsohon gidan Vanderhorst kuwa, wanda aka gina a farkon shekarun 1800, yana nan a tsibirin, an sayar da shi a 2021 kan sama da dala miliyan 20.

Talaka irina zai iya zuwa ya gani?

A dokar jihar, rairayin da ke ƙasa da inda ruwa ke kaiwa in ya cika na kowa ne, ba mai gidan da zai kore ka. Isa wurin ne aikin, tunda get ba ya buɗuwa sai ga mai gida, baƙonsa, ɗan haya, ko wanda ya kama ɗaki ko tebur a otal. Ƙofa ɗaya aka bar wa jama'a, Beachwalker Park na ƙaramar hukumar Charleston, kafin ka kai get ɗin farko sai ka karya dama, ka biya kuɗin fakin, daga nan da ƙafa za ka iya takawa har Captain Sam's ka jira dolfin lokacin da ruwa ya janye. In lokacin zafi ne ka yi sammako, kafin hantsi ya ɗaga wurin fakin ya cika.