Waiwaye: Me ya sa mutum ke aikata abin da ya san ba daidai ba ne?

Tambayar nan ta daɗe tana wahalar da masana. Sokiratis, masanin falsafa na Girka wanda aka yanke wa hukuncin kisa a birnin Atina shekara 399 kafin haihuwar Annabi Isa, yana ganin babu mai aikata mugunta da saninsa. A wurinsa ɓarna duk jahilci ce, da zarar mutum ya gane alheri sosai zai bi shi. Maganar tana da daɗin ji, amma duk wanda ya taɓa shara ƙarya gabansa na dukan uku-uku ya san da gyara a ciki.

Aristotal, shi ma masanin falsafa na Girka, ya yi gyaran. Ya ce akwai wanda ya san daidai sarai amma son zuciya ya kayar da shi, kuma maganin hakan sabo ne. Da yin adalci ake zama mai adalci, kamar yadda da gini ake zama magini. Ƙarnuka bayan haka Agustin, malamin addinin Kirista wanda aka haifa a 354 a yankin Aljeriya ta yau, ya ba da labarin yadda shi da abokansa suka saci 'ya'yan itace yana ɗan shekara 16, ba don yunwa ba, har suka watsa wa aladu. Ya san haramun ne, kuma haramcin ne ma ya ja shi. Daga nan ya karkata ga cewa ciwon yana cikin nufin mutum.

A duniyar Musulmi muhawarar ta ɗauki wani salo tsakanin ɓangarori biyu na malaman aƙida. Mu'utazilawa suka ce hankali shi kaɗai yana iya rarrabe kyakkyawa da mummuna, Ash'ariyyawa suka ce shari'a ce ke yanke wannan hukunci. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya fi damuwa da yadda za a hore zuciyar. A littafinsa Ihya'u Ulumiddin ya ƙi yarda cewa ɗabi'a ba ta sauyawa, yana mai cewa da haka ne, da wa'azi da tarbiyya sun zama aikin banza, alhali ko dabba ana hore ta. Masu cewa hali zanen dutse ne sai su tsaya nan su yi tunani.

Turawan ƙarni na 18 sun sake rabuwa biyu. Dauda Hume na Sikotland ya ce hankali bawan sha'awa ne. Kant Bajamushe kuwa, a 1785, ya ce babu abin da yake alheri ba tare da sharaɗi ba sai kyakkyawar niyya.

Ni dai wani gwaji da aka wallafa a 1973 ya fi tsaya mini a rai. Darley da Batson, masana halayyar ɗan Adam, sun tura ɗaliban makarantar horar da limaman coci ta Princeton, a Amurka, su je wani gini su yi jawabi, wasunsu ma kan labarin Linjila na Basamariyen da ya taimaki wanda aka yasar a hanya. A kan hanyar aka ajiye wani mutum a durƙushe yana tari da nishi. Cikin waɗanda aka ce suna da sauran lokaci, kashi 63 cikin 100 sun tsaya. Cikin waɗanda aka ce sun makara, kashi 10 ne kacal. Ilimin duk ɗaya ne, niyyar ma da wuya ta bambanta, gaggawa ce kawai ta rufe musu ido. Wasu ma tsallake mutumin suka yi, suna sauri su je su yi jawabi kan tausayi.