Tsoron Jinya a Larurar Ƙwaƙwalwa

Tsoron jinya shi ne fargabar da ke hana mai larurar ƙwaƙwalwa, ko danginsa, zuwa asibiti alhali sun san akwai buƙata. Ba ɗaya yake da rashin kuɗi ko nisan asibiti ba, domin yakan kama har wanda ke da hali kuma asibitin na kusa da gidansa. A 1989 wasu masana halayyar ɗan'adam a Amurka, Matt Kushner da Kenneth Sher, sun nuna cewa waɗanda suka ga suna buƙatar taimako amma suka ƙi nema sun fi sauran mutane wannan fargaba.

Tushensa a Najeriya

Kuskure ne a kira shi jahilci kawai, don yana da tarihi. Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidan tsare masu taɓin hankali a Yaba da ke Legas a 1907, wasu marasa lafiyar kuma a kurkuku ake ajiye su. Dokar 1916 da ta 1958 da ta gaje ta sun fi damuwa da killace mutum fiye da warkar da shi, kuma ta 1958 ɗin ta ci gaba da aiki har Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023. A wajen asibiti ma akwai mari da turu. A Satumbar 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Wanda ya taso yana ganin haka, in aka ce za a kai shi a yi masa magani, ɗauri ne zai fara faɗo masa a rai.

Abin da ake tsoro

Na farko shi ne suna. A ƙasar Hausa ambaton Dawanau a Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato ya isa a gane inda aka dosa. Iyaye kan ɓoye ciwon 'yarsu saboda binciken aure, kada a ce “gidansu akwai hauka”. Shi ya sa a gidaje da yawa ya fi sauƙi a ce aljanu ne ko sammu, a fara da ruƙiyya da hayaƙi, asibiti ya zama na ƙarshe.

Sai maganin kansa, kuma nan ne tsoron ya fi samun hujja. Tsofaffin magunguna irin su kulofuromazin da halofiridol, waɗanda har yanzu ake yawan bayarwa saboda arha, suna iya sa jiki ya sandare, hannu ya riƙa rawa, miyau ya riƙa dalala, wani lokaci wuya ya murɗe. Dangi na ganin haka sai su ce allurar asibiti ce ta ƙarasa shi. Alhali yawancin waɗannan illoli suna lafawa idan likita ya rage yawan maganin, ko ya sauya shi, ko ya haɗa da wani mai sassauta jiki. Abin takaici, sau da yawa ba a yi wa kowa bayaninsu tun farko. Akwai kuma zaton cewa duk maganin ƙwaƙwalwa yana kama jiki kamar tiramol. Diyazifam na iya yin haka, amma magungunan ciwon damuwa ba sa jawo irin wannan jaraba. Sukan dai ɗauki makonni kafin a ji amfaninsu, kuma ba a yanke su lokaci guda.

Doka ma tana da nata rabon: sashe na 231 na dokar Final Kod ta Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, don haka iyali sukan yi shiru.

Yadda jinkiri ke ciyar da tsoron

Idan aka jinkirta, ciwon yakan tsananta har mai shi ya daina barci, ya fara dūka ko fita titi. A lokacin ne ake kawo shi a ɗaure, a yi masa allura da ƙarfi, a kwantar da shi. Maƙwabta abin da suke gani ke nan. Wanda ya zo da wuri da ƙafarsa, ya karɓi ƙwaya ya koma kasuwarsa, ba wanda ya san labarinsa, domin shi ma ɓoyewa yake yi.

Rage shi

Dakta Thomas Adeoye Lambo ya gwada wata hanya a Aro, kusa da Abeokuta, tun 1954. A wancan lokacin marar lafiya yakan sauka a gidajen ƙauyen tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana, kuma Lambo ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. Shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 yana horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su duba ciwon damuwa a ɗakin da ake duba hawan jini da zazzaɓi, inda shiga ba ya jawo wa kowa suna. Dokar 2023 kuma ta tanadi neman yardar marar lafiya kafin a yi masa magani, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan kwantar da shi ba da son ransa ba.