Dokar IDEA a Amurka: yadda yaro mai otizim ke samun horon dogaro da kai kyauta

Iyalan Hausawa mazauna Amurka, musamman a unguwar Bronx ta birnin New York inda 'yan Gana da Nijar da Najeriya suke da yawa, kan yi mamaki idan aka ce musu yaron da ke da lalurar otizim, wadda a gida wasu ke kira galahanga, yana da haƙƙin a ba shi ƙwararren da zai riƙa koya masa riƙe cokali da fensir da ɓalla maɓallin riga, ba tare da iyaye sun biya ko sisi ba. Haƙƙin yana nan a doka, sai dai takardar likita kaɗai ba ta isa a same shi.

Sunan dokar IDEA. Asalinta tun 1975 ne, lokacin da Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar yara masu naƙasa. A 1990 aka ba ta wannan suna, a shekarar kuma aka sa otizim a matsayin rukuni mai zaman kansa. Ginshiƙinta shi ne kowane yaro mai naƙasa zai samu ilimin da ya dace da shi kyauta, haɗe da duk wata hidimar da sai da ita zai iya amfana da karatun. Cikin hidimomin akwai gyaran magana, da gashin ƙashi, da horon dogaro da kai, wanda a takardun makaranta ake rubuta shi da haruffa biyu, OT.

Aikin mai wannan horo ya shafi duk abin da yaro ke yi daga wayewar gari zuwa dare. Yana duba yadda yatsu ke riƙe almakashi, yadda yaro ke sa takalmi, yadda yake zuwa bayan gida da kansa, da dalilin da ya sa ba ya cin komai sai abinci iri biyu ko uku. Yaran da ke da otizim da yawa ƙara ko haske ko taɓi na damunsu fiye da yadda muke zato. Hayaniyar ɗakin cin abinci na makaranta kaɗai ta isa ta sa yaro ya toshe kunne ya kwanta a ƙasa. A nan mai horon kan gyara wurin zama, ko ya tsara wa yaron jadawalin hotuna don ya san abin da ke tafe, ya kuma nuna wa malamar aji yadda za ta ci gaba.

Dokar ta raba yara gida biyu. Daga haihuwa zuwa shekara 3 akwai shirin jiha na tallafa wa yaro tun da wuri. Ba sai likita ya tura ku ba, uwa ko uba na iya kira da kansu, a birnin New York lambar 311 ce. Daga ranar da aka miƙa sunan yaro, hukuma na da kwana 45 ta gama auna shi ta kuma zauna da iyaye a rubuta tsarin hidimar yaro da iyalinsa da ake kira IFSP. Yawanci a gida ko a gidan raino ake yin horon. Awon kyauta ne a ko'ina, amma wasu jihohi kan karɓi wani abu a kan horon gwargwadon samun iyali. Kafin yaro ya cika shekara 3, da aƙalla kwana 90, ya kamata a yi zaman miƙa shi ga hukumar makarantu.

Daga shekara 3 zuwa 21 nauyin na kan hukumar makarantun gunduma. Matakin farko wasiƙa ce, ba magana da malama a bakin ƙofa ba. Ku rubuta cewa kuna neman a auna yaronku, ku ambaci OT da sunansa, ku sa kwanan wata, ku ajiye kwafi. Bayan kun sa hannun amincewa, dokar tarayya ta ba su kwana 60 su kammala awon, sai dai in jihar ta tsayar da nata wa'adin. Idan aka tabbatar ya cancanta, cikin kwana 30 za a kira zaman rubuta IEP, wato tsarin karatun da aka yi domin shi kaɗai. Iyaye cikakkun mambobi ne a wannan zama.

A nan ne mafi yawan iyaye ke shan kaye. Makaranta ba ta ba da OT don yaro yana da otizim, tana ba da shi ne idan an nuna cewa rashinsa na hana yaron amfana da karatu. Saboda haka cewa "yana da matsala" ba ya kai ku ko'ina. Ku faɗi abin da kuke gani: ba ya iya buɗe kwanon abincinsa, yana danna fensir har ya karye, ba ya jure zama idan an buga ƙararrawa, yana riƙe fitsari har a tashi domin tsoron ƙarar na'urar busar da hannu. Mu kuma mun taso da kunyar fallasa rauni na ɗanmu a gaban baƙi, wasu ma har yanzu ɓoye yaron suke yi ana cewa iska ce. A ɗakin nan kawaici asara ne, domin abin da ba a faɗa ba, ba a rubuta shi.

Abin da aka rubuta kuwa ya zama wajibi a kan makaranta. Doka ta ce IEP ya bayyana ranar fara hidima, da sau nawa za a yi, da tsawon lokaci, da wurin da za a yi. Ku duba ko shi kaɗai za a riƙa yi masa ko cikin rukuni, ku kuma lura ko mai horon zai zauna da yaron ne ko shawara kawai zai ba malama, don tazarar da ke tsakanin biyun babba ce. Ana sake duba tsarin aƙalla sau ɗaya a shekara, a sake auna yaro aƙalla duk shekara 3. Idan Turanci bai zauna muku ba, wajibi ne a nemo tafinta. Kada ku yarda a mai da yayan yaron ɗan shekara 12 tafinta a zaman da ake tattauna ƙaninsa. Matsayin takardun zama kuma ba ya hana yaro shiga makarantar gwamnati, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1982 a shari'ar Plyler.

Idan an ƙi fa? Dole su ba ku dalili a rubuce. Kuna iya neman wani ƙwararre na waje ya sake awon a kan kuɗin hukuma, ita kuma ko ta biya ko ta je gaban mai sauraron ƙara ta kare nata awon. Akwai sulhu ta hannun mai shiga tsakani, akwai kuma shigar da ƙara cikin shekara 2 a mafi yawan jihohi, kuma muddin ana shari'a yaro zai ci gaba da samun abin da yake samu. A 2017 Kotun Ƙoli, a shari'ar wani yaro mai otizim daga Colorado da aka sani da Endrew F., ta yanke baki ɗaya cewa ci gaba na jeka-na-yi-ka bai wadatar ba, sai tsarin ya kasance wanda zai kai yaro ga ci gaban da ya dace da halinsa.

Matsalar da aka fi fama da ita ma ba ƙin amincewa ba ce, ƙarancin ma'aikata ne. Ga kuma ƙarancin kuɗi: Majalisar dokokin Amurka ta yi niyyar ɗaukar har kashi 40 cikin 100 na ƙarin kuɗin da ake kashewa a kan karatun yara masu naƙasa, ba ta kuma taɓa kaiwa ba. Idan an rubuta horo amma makonni na wucewa babu mai yi, ku riƙa rubuta ranakun, ku nemi a rama. Kowace jiha na da cibiyar wayar da kan iyaye da dokar ke ɗaukar nauyinta, kuma taimakonta kyauta ne.

Masu sa yara a makarantun Islamiyya masu zaman kansu su sani cewa dokar tarayya ba ta ba yaron makarantar kuɗi cikakken haƙƙin da ɗan makarantar gwamnati ke da shi ba. Jihar New York ta faɗaɗa nata, amma sai an rubuta buƙata zuwa ranar 1 ga Yuni kafin shekarar karatu mai zuwa.

Abin da ya shafi gida zalla, kamar wanka da barci da cin abincin dare, sau da yawa makaranta za ta ce ba huruminta ba ne. Wannan ta hanyar asibiti ake bi: likitan yara ya rubuta takarda, inshora ta biya. Ga yaran da ke ƙarƙashin Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, doka ta wajabta biyan duk jinyar da lafiya ta tilasta har su kai shekara 21, kuma samun horo a makaranta ba ya hana a nemi na asibiti a lokaci guda.